Yadda Za Ka Kayar Da Yayarka A Gardama Da Manhajar Ƙididdiga

Kai ɗan'uwa, matso kusa, yau kakarka ta yanke saƙa. In dai kana da kwamfuta, kana da manhajar ƙididdiga, Allah kuma ya haɗa ka da yaya mai baki, to ga hanya na kawo maka a ɓagas. Matakai takwas ne kacal. Ka bi su sau da ƙafa, na yi maka alkawarin za ka fito da amsa mai lamba biyu bayan ɗigo, irin wadda ake ajiyewa a gaban mutum bakinsa ya mutu. Shekara goma sha tara ina wannan sana'a, ban taɓa ganin wanda ya bi su ya fito yadda ya shiga ba.

Kuma ba da ka nake magana ba, ina da shaida. Sunansa Auta, teburinsa na kallon nawa a ofishinmu, inda muke wuni muna tace bayanan gidajen kiwon kaji. Shekararsa arba'in da ɗaya, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma da yake shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, sunan ya biyo shi har wurin aiki. Mahaifiyarsu, Inna, tsohuwar tela ce mai fama da hawan jini. Ita kaɗai take zaune a ɗakinta, tafiyar minti goma daga gidan Auta. Likita ya ce a riƙa auna jininta kullum ana rubutawa, Auta ya sayo na'ura da littafi mai jan bango, aka yi doka: duk wanda ya je gaishe ta ya auna, ya rubuta kwanan wata, da lambar, da sunansa.

Mataki na ɗaya: Ka san amsarka tun kafin ka kunna kwamfuta

'Yan koyo ne ke shiga bayanai suna lalube. Gwani da amsarsa a aljihu yake zuwa, aikin manhaja kawai ta sa hannu.

Ranar Litinin da hantsi wayar Auta ta yi ƙara. Yayarsa ce, babbar ɗakinsu, malamar makaranta, wadda ba ta san a yi magana a hankali ba. Daga teburina nake jin komai.

"Auta, wata uku ke nan ina zuba maka ido. Ni ina shiga mota biyu daga ƙarshen gari, kai da kake nan kusa da ita ka gagara leƙawa. Ranar Asabar zan zo da mota a kwashe kayan Inna, ta koma wurina."

"Haba Yaya! Inna ta ce ko a mafarki ba za ta bar ɗakin nan ba."

"To wa zai duba ta? Keken ɗinkin?"

"Ni mana. Wallahi ina zuwa."

"Sau nawa?"

Nan Auta ya dubi fuskar kwamfutarsa, idonsa ya kawo haske. Ya ce, "Zan kawo miki a lissafe, har da zane. Ki ɗauko mini hoton littafin nan shafi-shafi. In lissafi ya nuna na fi ki zuwa, Inna ta zauna a ɗakinta."

Yaya ba ta yi musu ba, abin da ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi, "Littafin kake so? To shi ke nan." Auta ya ajiye waya ya juya sau biyu a kan kujerarsa mai gurguwar taya, ya ce da ni, "Na gama da ita."

Mataki na biyu: Kada ka kuskura ka kalli bayanan da idonka

Kallon bayanai na sa mutum ya fara tunani, tunani kuma ɓata lokaci ne. Ka samu mai saurin hannu ya shigar maka.

Mu a ofishinmu muna da Anti Sauri, wadda ke buga madannai tana cin gyaɗa tana amsa waya, ba ta kuma taɓa kuskuren lamba ba. Hotunan na shigowa Auta ya tura mata, ko buɗe ɗaya bai yi ba. Kafin a tashi ta miƙo masa fayil mai layi casa'in, kwana casa'in cif, babu giɓi ko ɗaya.

Ta tsaya a kansa ta ce, "Wai Auta, kai rubutu nawa gare ka? Wani wuri biro, wani wuri fensir."

"Anti, mai ilimi ai ba ya zama a kan rubutu ɗaya."

Ta taɓe baki ta koma wurinta. Abu ɗaya dai ya yi na kirki, shi ma sabo ne ya sa shi: ya ajiye fayil na asali a wata folda bai taɓa shi ba, ya yi aiki a kan kwafi. Kai ma ka yi haka. Kwafin ka sa masa suna "ƙarshe", na biye da shi "ƙarshe na gaske", na uku "ƙarshe na gaske wallahi". Kwana biyu kai kanka ba za ka san wanne ne wanne ba, balle abokin gaba.

Mataki na uku: Ka tsaftace naka, ka bar na abokin gardama da dattinsa

Manhaja ba ta da wayo, biyayya gare ta. In ka rubuta sunan mutum iri biyu, mutum biyu za ta ƙirga, ba ruwanta.

Auta ya ba ta umarnin ta ƙirga sunaye. Sai ga Yaya ta tarwatse gida huɗu, don kullum a gurguje take rubutu: "Yaya" sau goma sha takwas, "Babba" sau goma sha ɗaya, "Y." sau takwas, wani wurin ma "ni" kawai ta rubuta, sau biyar. Mai gaskiya zai rubuta layi ɗaya ya haɗe su su zama arba'in da biyu. Kai ba gaskiya ka zo nema ba, ka bar su a warwatse.

Sai idonsa ya sauka a kan nasa layin. Auta: arba'in da takwas.

Ya miƙe tsaye. Ya zauna. Ya sake miƙewa. Shi a ransa ya ƙiyasta bai wuce zuwa goma ba, har ya tanadi dabarun da zai kumbura goman. Ya ce da ni, "Kai, ashe haka nake? Ashe ni ɗan albarka ne ban sani ba!"

Na ce, "Ka tuna ka je sau arba'in da takwas?"

"Malam, ƙwaƙwalwa na mantuwa, bayanai ba sa mantuwa. Ba kai ka koya mini ba?"

Ni na koya masa, ba zan yi musu ba. Ran nan har lemo ya saya wa kowa a ofis.

Mataki na huɗu: Ka rubuta umarni, ka yi wa kanka bayani a gefe

Kada ka yi ta danne-danne da linzamin kwamfuta kamar mai neman tashar rediyo. Ka rubuta komai layi-layi a fayil ɗin umarni, yadda gobe in an ce maimaita, dannawa ɗaya ta isa. A gefen kowane layi kuma ka ajiye ɗan bayanin abin da yake yi, don wanda zai karanta nan da wata shida baƙo ne, ko da kuwa kai ne.

Bayanan Auta na gefe ga su, na gani da idona: "nan Yaya ta fara karkarwa." Can ƙasa: "nan ta nemi ruwa." A layin ƙarshe: "nan Inna ta sa mini albarka."

Ranar Laraba manhajar ta ƙi motsi, ta yi ta zubo jan rubutu. Awa biyu Auta na gumi, ya zagi kamfanin da ya yi ta, ya kashe kwamfuta ya kunna, ya hura madannai, ya ce an yi masa hassada. Ashe alamar baka ya buɗe a layi na tara bai rufe ta ba. Kai ma zai same ka. In ya same ka, ka rufe bakar shiru, ka ce wa na kusa da kai matsalar daga intanet ce.

Mataki na biyar: In nasara ta zo, ka nemi ƙari

Mai ƙaramin buri zai tsaya a arba'in da takwas. Auta ya ce a'a, sai ya nuna zuwansa ma magani ne. Ya raba awon gida biyu, ranakun Yaya da ranakunsa, ya ce manhaja ta zana.

Tabɗi! Ranakun Yaya layin hawa yake yana sauka kamar haƙoran zarto, yau ɗari da hamsin da biyu, gobe ɗari da sittin da takwas. Ranakun Auta kuwa layi ya miƙe sambal, ɗari da ashirin bisa tamanin, lambar da likitoci ke so. Sai wasu 'yan ɗigo bakwai da suka fita zakka, suka haye sama can wajen ɗari da sittin suna ɓata masa zane.

To ga sirrin sana'a, ka riƙe shi da kyau. Duk lambar da ta ƙi bin sahu, ba ka tambayar ta dalili. Ka kira ta kuskure, ka rubuta layi ɗaya ka zubar da ita. Auta ya zubar da bakwai ɗin nan, ya rubuta a gefe: "wataƙila batir ne ya yi sanyi." Zane ya fito tas kamar an ja da rula.

"Ka gani?" in ji shi, baki har kunne. "Yaya ce ke tayar mata da jini. Ni ko inuwata ta gani sai ya kwanta."

Mataki na shida: Gargaɗi ba kuskure ba ne

Jan rubutu na tsayar da aiki, dole ka kula shi. Ruwan ɗorawa kuwa gargaɗi ne kawai, surutu ne irin na maƙwabci, aiki na tafiya ko ka saurara ko ba ka saurara ba.

Da Auta ya nemi manhaja ta gwada rukunin biyu, sai ta fito da ruwan ɗorawa: wai lambobin rukuni ɗaya duk iri ɗaya ne, babu bambanci ko na ɗigo, a duba bayanan. Na leƙo na ce, "Auta, awo arba'in da ɗaya, a ce ko sau ɗaya bai motsa ba? Jinin mutum ne fa, ba tsayin ƙofa ba."

"Kai dai baƙin ciki kake yi, don kai ba ka da irin hannuna."

Ya nemo umarnin da ke hana gargaɗi fitowa, ya liƙa shi a saman fayil. Tsit kake ji. Ya sa wa nasa layin kore, na Yaya ja, ya ƙara girman rubutun, ya sayi sabuwar riga.

Mataki na bakwai: Ka gabatar a gaban shaidu

Abin da ya faru ranar Asabar shi da bakinsa ya ba ni labari, don haka babu ƙari a ciki.

Da la'asar ya isa. Motar ɗaukar kaya na tsaye a ƙofar gida, direba na barci a ciki da hula a fuska. A ɗaki Inna na zaune bakin gado, hannuwa a cinya, ta sa mayafinta na fita amma ba ta sa takalmi ba. Yaya na tsaye jikin taga ta harɗe hannu. Ɗakin nan shekara talatin ba abin da ya gusa a cikinsa: keken ɗinki a lulluɓe da zani, gwangwanin maɓallai, tef ɗin awo rataye a ƙusa, kujerar da marigayi mahaifinsu ke zama. Auta ya ɗora kwamfuta a kan teburin keken, ya gyara murya.

"Inna, Yaya, ina yi muku barka da zuwa."

"Ɗakinta ne," in ji Yaya.

Bai kula ba. Ya nuna jadawali, ya nuna mutum huɗun da suka taru suka kasa kamo shi, ya nuna jan zarto da koren layi. Ya yi bayani da hannu biyu, har yana ɗaga dunduniya. Ya rufe da cewa, "Saboda haka, a kimiyyance, a sallami direba."

Inna ba ta kalli kwamfutar ba ko sau ɗaya, bakin mayafinta take ta murzawa. Yaya ta ce, "Ka gama?"

"Sai in akwai tambaya."

"Akwai. Sha huɗu ga watan jiya kana ina?"

Auta ya duba fayil. "Ina nan. Ga shi, ɗari da ashirin bisa tamanin."

"Ba satin ne ofishinku suka tura ka taro wani gari ba, kwana shida? Har ka turo mana hotonka a gaban otal?"

Ya sake duba kwamfutar. Kwana shidan nan duk suna cikin fayil, kowanne da sunansa. Yaya ta jawo littafin mai jan bango daga ƙarƙashin matashi ta ɗora masa a kan madannai. "Buɗe. Yau dai ka kalle shi da idonka."

Ya buɗe. Ga rubutun Yaya da biro, a karkace. Ga nasa jefi-jefi, shi ma da biro. Sauran duk fensir ne, an danna shi da ƙarfi, kowane takwas an yi shi ƙwallo biyu, ɗaya a kan ɗaya. Takwas ɗin nan ya san shi tun bai iya karatu ba. Shi ne a littafin awon masu kawo ɗinki, shi ne a jikin takardar da ake liƙa wa kowace riga. Gefen kowanne an rubuta "Auta", harafi-harafi, a tsanake.

Ya ɗago kai. Ya ce, "Inna?"

Inna ta ce, "To ya zan yi? Ɗamarar na'urar nan ba ta ɗauruwa da hannu ɗaya. Na gwada har da haƙori."

"Lambar fa, a ina kika samo ta?"

"Ranar da ka kawo na'urar ka gwada a hannunka, ka ce wannan ce mai kyau. Sai na riƙe ta." Ta ɗan yi murmushi, kunya ta kama ta. "In na bar wurin fili, Yayarku ta gani ta ɗauke ni. In na sa sunanka, kai ka huta da faɗa, ni na huta da ƙaura. Kuma ba da wuri nake rubutawa ba, Auta. Nakan bari sai rana ta faɗi, ko za ka shigo."

Yaya ta juya ta fuskanci taga. Muryarta ta sauka, karo na farko a tarihin gidan. "Tun watan farko na gane. Na yi shiru ne don kada in kunyata ta. In mun je asibiti nawa kawai nake nuna wa likita."

Mataki na takwas: Ka koma fayil na asali

Ka tuna foldar nan da na ce kada ka taɓa? Yau ranarta.

Ba wanda ya sa shi. Auta ya ja kujerar keken ya zauna, ya goge layin da ke hana gargaɗi, ya buɗe na asali. Ya haɗe mutum huɗun nan suka koma Yaya ɗaya, arba'in da biyu. Sannan ya ce manhaja ta ware masa layukan da ke da sunansa waɗanda ba ɗari da ashirin bisa tamanin ba. Ko ƙiftawar ido ba ta yi ba ta ba shi amsa: bakwai. Su ne ɗigon nan da ya zubar ranar Alhamis ya ɗora wa batir laifi. A kwana casa'in, su kaɗai ne ranakun da ya taka ƙafarsa ɗakin.

Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ya iya ɗaga kai. Ya ce da ni da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige har da sabuwar rigar. Ya rufe kwamfuta, ya ɗauko na'urar daga kan akwati, ya durƙusa gaban gado. "Inna, kawo hannun."

Ta miƙa. Ya naɗa ɗamarar, na'ura ta yi gurnaninta ta saki. Ɗari da hamsin da tara bisa casa'in da huɗu.

"Ba ta kai taka kyau ba," in ji Inna.

"Ita za a rubuta."

Yaya ta buɗe jakarta ta malamai, ta zaro jan biron da take duba jarrabawa da shi, ta jefa masa a cinya. Ta miƙa wa Inna hannu. "Fensirin." Inna ta zaro shi daga cikin ɗankwali ta ba ta tana ƙunƙuni. Yaya ta ce, "Wata ɗaya. Ja kawai zan ƙirga. In na ga fili uku a jere, motar nan za ta dawo, kuma ba za a yi zane ba." Ta fita ta tashi direba.

Inna ta cire mayafin ta ninke, ta ce tunda dai ya zauna, ya zura mata zare a allura, idonta ya daina gani.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Na yi alkawarin amsar da za ta kashe baki, ban faɗi bakin wa ba. In yayarka ta fi ka sanin bayananka, in sabuwar rigarka ta tashi a banza, in manhaja ta gaya maka bakwai alhali ka sayi lemon arba'in da takwas, kada ka zo teburina, ni ma da nawa littafin da ban buɗe ba. Masu ƙorafi kuma su daina neman Auta bayan ƙarfe biyar. Biyar na bugawa yake rufe kwamfuta, jan biro a aljihun gaba, ya bar ni da kajin mutane. Jiya ya nuna mini hoton shafin: layi goma sha tara ja a jere, lambobin sun hau sun sauka, ba biyu da suka yi kama. Ya ce bai taɓa ganin bayanai masu muni irin waɗannan ba, ya kuma hana kowa ya tsaftace su.